Makullan da Suka Rasa Ƙofa

Su uku suka sauka daga motar yamma,
jakunkunansu masu taya na kuka a kan duwatsun titi.
Hukumar gari ta ba su tsohuwar masana'antar kifin gwangwani,
inda na shekara talatin da ɗaya ina fille kawunan kifi,
wai wata uku za su zauna su yi fasaha.
Na ce wa Graciete: baƙo raɓa ne,
kafin hantsi ya bushe.

Hye-rin daga Koriya, Tamaz daga Jojiya,
da wata doguwa, Itzel,
mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano.
Ba su zana mu ba. Da zane ne, da sauƙi.
Gida-gida suka bi da ɗan tafinta,
roƙonsu ɗaya:
a ba mu makullin da ba ya buɗe komai.

Na turo ƙofata.

Aníbal ya kai na shagon askinsa da aka rushe.
Graciete ta kai na gidan ɗanta a Faransa,
gidan da ya sayar bai gaya mata ba.
Limamin coci ya kai bakwai a zobe guda,
ya ce shi ma gado ya yi, bai san na ina ba ne.

Ni leƙe kawai nake ta taga,
har ranar da na ga Tamaz da tsohon taru a cinya
yana ƙulli irin na igiyar takalmi.
Abin ya tsaya mini a maƙogwaro.
Na faɗa ciki ko gaisuwa babu, na buge hannunsa:
ba haka ba, ɗan nan, teku ba ta san wasa ba!
Bai jin Fotugis, amma yatsa ba ya neman tafinta.
Sau tara ina kwancewa.
A na goma ƙullin ya ciji zare,
ya ɗago kai kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Daga nan kujera ta same ni.
Makulli ɗari huɗu da sha biyu muka ɗaura,
tsatsa ta rina mana farce.

Nawa yana cikin gwangwanin sukari.
Na ɗakin jirgin Belmiro ne.
Ya manta shi a tebur wata asuba ta Nuwamba,
na bi shi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa,
na tarar jirgin ya zama ɗigo.
Na ce in ya dawo zan yi masa tsiya.
Tsiyar tana nan, na ajiye.

Hye-rin ta miƙo 'yar takarda: rubuta labarinsa.
Na ce a'a.
Ta dube ni, ta mayar da alƙalami aljihu.
Don wannan na so yarinyar.
Da dare na ɗaura shi da kaina, can gefe,
da ƙullin da ni kaɗai na san bakinsa.

Ranar buɗewa suka cire allunan tagogi,
iskar teku ta shigo ba ta nemi izini ba,
tarun ya girgiza,
ƙofofi ɗari huɗu da babu su suka yi magana lokaci guda.
Aníbal ya rantse yana jin muryar nasa.
Graciete ta fita waje, wai gishiri ya shiga idonta.

Sun tafi a motar safe.
Raɓar ta bushe, ban yi ƙarya ba,
sai dai ƙasar ta yi laushi.

Hukuma ta nemi mai buɗe zauren kullum ƙarfe tara.
Yanzu a aljihuna, ni Ermelinda,
akwai makulli guda da ƙofa ke amsa masa.

Jiya wasiƙar Tamaz ta iso,
da hoton ƙullin da ya koya wa ɗalibansa.
Na sa tabarau, na duba da kyau.
Ya sake yin sa a karkace.